Tsallaken shafi da tsallaken sashe a Word: a share su gaba ɗaya ko a bi su ɗaya-ɗaya?

Hadiza, Karkada: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman taimako a kan Word. Memuwar ɗina ta ƙarshen karatu daga fayil uku na haɗo ta. Gabatarwa da babi na ɗaya ni na rubuta, babi na biyu wata ƙawata ta buga mini, sauran kuma daga PDF aka juyo. Yanzu in ina sauka da kibiya, NVDA, manhajar da ke karanta wa makafi allo, ba abin da yake cewa sai saut de section, saut de page, vide, vide, vide, wato tsallaken sashe, tsallaken shafi, layi fanko. Malamin da ke duba aikin ya ce akwai shafukan da ba komai a kansu, kuma lambar shafi tana komawa 1 a tsakiyar babi na uku. An ce mini in buɗe Remplacer in share su duka lokaci guda. Ban taɓa komai ba tukuna, na ce bari in ji ta bakinku.

Laminu: Wa alaikumus salam. Aikin minti biyu ne ƙanwata. Danna Ctrl da H. A akwatin farko rubuta ^b, na biyu ki bar shi wayam, sai Remplacer tout. Tsallaken sashe duk sun tafi. Ki sake da ^m, shi ne tsallaken shafi. In kina son kowane sashe ya ci gaba da farawa a sabon shafi, sa ^b a sama, ^m a ƙasa. Shi ke nan.

Malam Sani, Birni: Hadiza, dakata. Kada ki danna Remplacer tout a kan ^b tukuna.

Laminu bai yi ƙarya ba, alamomin da ya ba ki daidai suke. Amma abubuwan nan biyu ba nauyinsu ɗaya ba. Tsallaken shafi, wanda ake sawa da Ctrl da Entrée, ba ya ɗauke da komai. Umarni ne kawai: tsaya nan, koma sabon shafi. Kin share shi, rubutu ya matso, ba abin da ya lalace. Tsallaken sashe kuwa a cikinsa Word yake ajiye tsarin duk rubutun da ya gabace shi: faɗin gefen takarda, shafi a tsaye yake ko a kwance, rubutun saman shafi da na ƙasa, yadda ake ƙidaya shafuka, ginshiƙi ɗaya ne ko biyu. Kamar ɗaurin bakin buhu ne, in kin kwance shi hatsin sai ya zube cikin buhun da ke biye. Wato rubutun da ke kafin tsallaken zai ɗauki tsarin wanda ke bayansa. In kin share su duka, aikin gaba ɗaya zai koma tsarin sashen ƙarshe. To sashenki na ƙarshe mene ne? In rataye ne mai jadawali a kwance, memuwar ɗinki tun daga shafin godiya za ta kwanta.

Abin da ya fi damuna shi ne mu ba za mu ji ba. Mai ido da ya danna zai ga takarda ta juya, ya yi Ctrl da Z nan take. Mu kuwa NVDA zai ci gaba da karanta mana kalmomi lafiya lau, kamar ba abin da ya faru. Sai ranar da aka fidda a takarda.

Laminu: Malam, da girmanka, amma kana ba ta tsoro. Fayil ɗin da aka juyo daga PDF yana iya zuwa da tsallaken sashe a kusan kowane shafi, wani shafin ma biyu ko uku. Ta bi su ɗaya-ɗaya sai yaushe? Ni littattafan da nake karantawa haka nake musu, kuma ban ga abin da ya same ni ba.

Malam Sani, Birni: Littafin da za ka karanta da kunnenka daban, aikin da za a ɗora gaban malamai daban. Naka ko ya kwanta ko ya tashi, wa ya gani?

Hadiza, Karkada: Malam gaskiya ne, akwai jadawali biyu a kwance a babi na huɗu, ƙawata ce ta gaya mini. Kuma shafukan farko an ce su zama da lambar Romawa, i, ii, iii, sai gabatarwa ta fara da 1.

Malam Sani, Birni: To kin gani. Waɗannan abubuwan biyu ba sa yiwuwa sai da tsallaken sashe. Kina buƙatar ɗaya tsakanin shafukan Romawa da gabatarwa, ɗaya kafin jadawalin da ke kwance, ɗaya bayansa. Sauran ne tarkace. Kafin komai ki danna F12 ki ajiye kwafi da wani suna, ki yi aiki a kan kwafin.

Ibro, Sabon Gari: Tambaya a gefe. Alamar nan ^ a ina take? Kwamfutata kilabiyen Faransanci gare ta, in na danna maɓallin da ke kusa da P ba na jin komai.

Laminu: Wannan maɓallin jira yake, ba ya fitowa sai ka danna wani harafi bayansa. In ka bi shi da m ko b zai fito daidai, amma in ka bi shi da a ko e sai ya ba ka â ko ê. Mafi sauƙi, AltGr da 9. A kilabiyen Turanci, irin na kwamfutocin da ake kawowa daga Kano, Shift da 6 ne. Bayan ka rubuta ka koma da kibiyar hagu ka ji harafi-harafi, don ka tabbata abin da ke akwatin.

Hajiya Rabi: Salamu alaikum. Ni mai ido ce, ɗana ne ya sa ni a nan. Buga takardu ne sana'ata, wajen kasuwar Dole. Irin wannan aikin kullum yana zuwa hannuna lokacin da ɗaliban jami'ar André Salifou ke shirin kare memuwar. Ɗiyata ki kawo mini a kile USB, in kunna alamomin ɓoye in gyara miki kina zaune. Me ya sa za ki wahalar da kanki?

Hadiza, Karkada: Na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri. Sai dai malamina zai sake maido mini da gyara, kuma ba sau ɗaya ba. In duk gyara sai na hau kabu-kabu na zo, kin ga ba zai yiwu ba. Ina son in iya da kaina. Amma kafin a fidda na ƙarshe zan kawo ki duba mini da ido.

Hajiya Rabi: To madalla, haka ma ya yi. Amma bari in faɗi abin da nake gani, don masu ido ne suka fi ɓata fayil. Mutum yana son babi ya fara a sabon shafi, sai ya yi ta danna Entrée har rubutun ya sauka. Wannan vide, vide da kike ji, rabinsa daga nan ne. Da an ƙara layi biyu a sama, komai ya goce, kan babi ya koma tsakiyar shafi.

Malam Sani, Birni: Hajiya ta taɓo wurin. Hadiza, ga yadda zan yi in ni ne.

Fara da sa NVDA ya riƙa gaya miki inda kike. NVDA da Ctrl da D zai buɗe saitin tsarin rubutu, ki tabbata an zaɓi faɗin lambar shafi. Da shi ne yake faɗin lambar sashe a Word. Ki danna Ctrl da Fin ki je ƙarshen aikin, ki ji sashe na nawa ne, kin san yawan abin da ke gabanki.

Sannan F5. Zai buɗe Atteindre, ki rubuta s2 ki danna Entrée, ya kai ki farkon sashe na biyu, Échap ya fidda ki. Haka s3, s4. A kowanne ki karanta layin farko, ki tambayi kanki: akwai dalilin da tsari zai canza a nan? In babu, tsallaken da ke samansa na sharewa ne. Na ce F5 da gangan, don shi ne bai canzawa. A Word na Turanci Ctrl da G ne ke buɗe wannan akwatin, a na Faransanci kuwa Ctrl da G kaurara rubutu yake yi. Wanda ya koya a kan ɗaya ya hau ɗayan, sai ya yi ta baƙanta kalmomi bai sani ba.

Wajen sharewa ki yi amfani da Ctrl da H ɗin da Laminu ya ce, da ^b ɗin, amma maimakon Remplacer tout ki danna Suivant. Ya tsaya a kan ɗaya, in na sharewa ne ki danna Remplacer, in na bari ne ki sake Suivant. Ba daɗewa yake yi kamar yadda ake zato ba.

Laminu: Ni har yanzu ina ganin hanyata ta fi. A share duka, sannan a dawo a sa ukun nan ko huɗu da ake buƙata. Gini sabo ya fi gyaran tsoho.

Malam Sani, Birni: Wannan maganar ta fi ta farko, kuma ban ƙi ta ba ga wanda ya iya sake saita lambar shafi da rubutun sama da kunne. Amma ko ita da sharaɗi. Sai ka fara duba sashen ƙarshe ka tabbata tsarinsa shi ne wanda kake so, tunda shi zai mamaye sauran. Kuma shawararka ta maida ^b zuwa ^m tana da tarko. Tsallaken sashe iri huɗu ne: mai zuwa sabon shafi, mai ci gaba a shafi ɗaya, mai zuwa shafi mai lambar cika, da mai zuwa shafi mai lambar mara. ^b bai san bambancinsu ba, duka yake kamawa. Waɗanda PDF ke kawowa galibi masu ci gaba ne a shafi ɗaya. Ka maida kowanne tsallaken shafi, shafi guda ya tsage gida uku, aikin shafi sittin ya haura ɗari. Hajiya ce za ta ji daɗi, don da shafi ake biya.

Hajiya Rabi: Malam kai ma! Ni ba na cin irin wannan kuɗin.

Hadiza, Karkada: Malam, shafukan da ba komai fa? Na bi layi-layi a wurin da malamina ya ce, ban sami komai ba. Babi na biyu ya ƙare, NVDA ya ce page 23, na sauka layi ɗaya ya ce page 25.

Malam Sani, Birni: Yauwa, kin kama shi da kanki. Wannan tsallaken sashe ne mai zuwa shafin mara, page impaire. Masu tsara littafi ne ke amfani da shi don babi ya fara a hannun dama. Babinki ya ƙare a 23, na gaba dole ya fara a lambar mara, sai Word ya bar 24 fanko ya wuce 25. Ba rubutu a 24, ba ko sakin layi, shi ya sa kursa ba ta sauka a kai. Alamarsa kaɗai ita ce wannan tsallen lambar da kika ji.

Ba sai kin share shi ba, canza masa iri za ki yi. Ki tsaya a cikin sashen da ke bayan tsallaken, wato layin farko na babi na uku, ba na biyu ba. Nan ne mutane ke ruɗewa. Ki buɗe akwatin Mise en page, ki je shafin Disposition da Ctrl da Tab, akwai jerin da ake kira Début de la section. Ki maida shi Nouvelle page. Kafin ki danna OK ki bi da Tab ki ji Appliquer à, ya zama wannan sashen kawai.

Mamman Nasiru: Ni aikin rubutun makafi nake yi, ina shirya wa yara darussa a fidda da injin braille. A wurina maganar Laminu ce daidai ɗari bisa ɗari. Shafin braille kusan layi 25 ne, kowane layi gurbi 40 ko ƙasa, bai da alaƙa da shafin masu ido. In na bar tsallaken da ke cikin fayil, injin zai yi ta tofo takarda rabinta fanko, ga takardar mai kauri ce, mai tsada, kuma ba a kasuwa ake tsintar ta ba. Ni ^12 nake sawa, shi yana kama tsallaken shafi da na sashe a tare. Amma ba na barin akwatin ƙasa wayam, ^p nake sawa, wato alamar sakin layi, don kada kalmar ƙarshen wani shafi ta manne da ta farkon wani. Daga baya in bi ^p^p in maida ^p, in maimaita har ya ce bai sami komai ba.

Malam Sani, Birni: A braille ban da ja. Hadiza dai kada ta ɗauki ^12, don ba ya tambaya. Amma dabarar ^p ɗin ta riƙe. Kuma a Word na yanzu in an danna Ctrl da Entrée, tsallaken yana zuwa da alamar sakin layi a bayansa. In kin share ^m kaɗai za ki bar layi fanko. Ki fara neman ^m^p, sannan ^m.

Ibro, Sabon Gari: Na gwada ^b ya ƙi, yana cewa alamar ba ta da inganci.

Laminu: A wane akwati ka sa? A na ƙasa ba ya karɓar ^b ko kaɗan. In a na sama ne ya ƙi, to danna Plus ka duba ko an zaɓi caractères génériques. In yana kunne ba ya karɓar ^b, ba ya karɓar ^p, kuma ^m ɗin ma sai ya haɗa da tsallaken sashe ya kama. Cire zaɓin.

Ibro, Sabon Gari: A na ƙasa ne. Ni akasin Hadiza nake so. Rahoto ne na ƙungiyarmu, an raba babi-babi da tsallaken shafi, ni kuma ina son kowane babi ya sami nasa rubutun sama.

Laminu: To zagaye za ka yi. Sa tsallaken sashe guda ɗaya da hannu daga Sauts de pages, a wani wuri. Tsaya a gabansa, Maj da kibiyar dama ka zaɓe shi, Ctrl da X. Sai Ctrl da H, ^m a sama, ^c a ƙasa. ^c yana nufin abin da ka kwafa. Duk inda ya sami tsallaken shafi zai liƙa na sashe. Bayan nan sai ka shiga rubutun saman kowane sashe ka cire Lier au précédent kafin ka canza, in ba haka ba ka canza ɗaya duk su canza.

Malam Sani, Birni: Ka ga Laminu in ya natsu malami ne.

Zainabu, Mirriya: Ni JAWS, wata manhajar karanta allo irin NVDA, nake amfani da shi a wurin aiki, amma duk abin da kuka faɗa na Word ne, don haka ɗaya ne. Abu guda nake son in ƙara wa Hadiza. Tunda fayil ɗin yana zuwa hannun malami yana dawowa, duba ko Suivi des modifications, wato bin sawun gyare-gyare, yana kunne. In yana kunne, kin share tsallake amma yana nan, an dai yi masa alamar an share, sai an amince da gyaran yake tafiya. Mutum ya yi ta sharewa yana jin abin bai motsa ba. Ki gama da gyare-gyaren malam, ki karɓa ko ki ƙi, ki kashe shi, sannan ki fara shara.

Kuma don Allah a daina raba babi da Ctrl da Entrée. Kan babi a sa masa salon Titre 1, a shiga gyaran salon, Paragraphe, Enchaînements, a zaɓi Saut de page avant. Daga nan kowane babi da kansa zai fara a sabon shafi, ko an ƙara rubutu ko an rage. Ga riba ta biyu a wurinmu: NVDA da barre d'espace ya sa ki yanayin karatu, ki riƙa danna H kina tsalle daga kai zuwa kai. Jerin abubuwan da ke ciki ma daga nan yake fita.

Mamman Nasiru: Sai dai a sani, irin wannan ^m ba ya ganinsa, don ba alama ba ce a cikin rubutu, saiti ne a jikin sakin layin. Na sha samun fayil ina nema ban ga tsallake ba, ga shi shafi yana yankewa. A nan ake duba.

Ibro, Sabon Gari: Ba za a iya kwafe duka a liƙa a sabon fayil a matsayin rubutu zalla ba? Ai komai zai wanke.

Zainabu, Mirriya: Zai wanke har da abin da ba ka so ya wanke. Jadawali zai warware, bayanan ƙasan shafi su tafi, rubutun da aka karkata ya miƙe. Ga wasiƙa ya yi, ga memuwar a'a. Amma ga ɓangaren da aka juyo daga PDF kaɗai, in ba shi da jadawali, wani lokaci shi ne mafita.

Hadiza, Karkada: Na dawo. Wuta ta ɗauke da rana, sai da yamma na zauna. Suivi yana kunne kamar yadda Yaya Zainabu ta ce, na kashe. Sashe 38 ne, na bi da Suivant na bar biyar: shafukan Romawa, daga gabatarwa zuwa jadawali, jadawalin da ke kwance, sauran babi na huɗu da kammalawa, sai rataye. Tsallen 23 zuwa 25 ya tafi. Kawunan babi duk na sa musu Titre 1. Saura abu ɗaya: bayan jadawalin, lambar shafi ta koma 1 kuma.

Laminu: Da hanyata kin gama tun azahar.

Malam Sani, Birni: Laminu bar ta. Hadiza, wannan sashen ya ɗauki saitin tsallaken da kika bari a ƙarshensa. Ki tsaya a layin farko bayan jadawalin, ki je Insertion, Numéro de page, Format des numéros de page. Akwai zaɓi biyu, À la suite de la section précédente da À partir de. Ki ɗauki na farko. Ki duba sashen jadawalin da na rataye su ma haka. Gabatarwa kaɗai za ta tsaya a kan À partir de 1, shafukan farko kuma a nan cikin akwatin ne za ki zaɓi i, ii, iii. In kin gama ki hau kan jerin abubuwan da ke ciki ki danna F9, ki zaɓi sabunta shi duka, don lambobin da ke wurin na da ne.

Hajiya Rabi: In za ki kawo, ki ajiye shi PDF ma ki haɗo da na Word ɗin. Kwamfutata da taki ba lalle haruffansu su zama ɗaya ba, shafuka suna iya gocewa in na buɗe. Ki zo da safe kafin layi ya yi tsawo.